Kujerar Shugabanci ko Gajimarena?

Anti, ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ni malama ce a jami'a, aikina binciken jariran taurari, waɗanda ake haifa cikin wani ƙaton gajimaren ƙura da iskar gas a can sararin samaniya. Ina bin diddigin yadda ƙarfin maganaɗisu ke riƙe gajimaren, ya hana shi dunƙulewa da wuri. A kwamfuta nake ganinsa, 'yan layuka birjik kamar tsintsiya ta kwance a tsakar gida, ni kuwa in zauna ina ta tsinta. Ofishina ɗan ƙarami ne, fankarsa ma sai an tura ta da rula, amma wallahi in na rufe ƙofa ba abin da ke damuna. Maigidana har tsokanata yake, wai ungozomar sama.

To, ga matsalar. Na daɗe ina roƙon a juya babban madubin hangen nesa wajen gajimarena, sai bana aka yarda. A ƙa'idar aikinmu, bayanan da aka ɗauko nawa ne ni kaɗai na shekara guda, daga nan a sake su ga kowa. Suna isowa, sai aka ce ni za a ba shugabancin sashe. Taro ne kan taro, na san ko buɗe bayanan ba zan yi ba, wani ya zo ya riga ni. Mama har ta gaya wa maƙwabta, Yaya kuma ya ce ƙin ci gaba ragwanci ne. Ni dai ina jin daɗin inda nake. Laifi ne?

Mai Leƙen Sama

'Yar'uwa, ba laifi ba ne. Amma kada ki ga baƙin Yaya, yana da tasa gaskiyar: da kujerar nan za ki iya buɗe wa ɗalibai da yawa hanya. Sai dai ita kujera zagayowa take yi, shekarar bayananki kuwa in ta wuce ta wuce.

Ki sami waɗanda suka zaɓe ki, ki yi godiya, ki bayyana musu ƙa'idar, ki nemi a ɗaga miki zuwa zagaye na gaba. Wataƙila su ƙi, ki shirya wa hakan. Mama kuwa kada ki yi mata waya. Ki je da ƙafarki, ki zauna kusa da ita, ki nuna mata aikin, don ta sami abin faɗa wa maƙwabtan.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda kika ce kina son kujerar, ban gani ba. Je ki buɗe bayananki. Allah ya yi jagora, ya bar ki da wannan kwanciyar hankali.