Man Hantar Kifin da Surukina Ya Tsima Mini

Inna Borghild,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sakat. Ina da cikin fari, kuma damuwata a kan surukina take, mutumin da ban taɓa ganin mai kirkinsa ba.

Baba Torleif masunci ne tun yana yaro. Matarsa ta rasu mijina Sindre yana rarrafe, shi kaɗai ya rene shi, ya fita teku ya dawo ya yi wanki ya ɗora tukunya. Ni 'yar Oslo ce, na zo tsibirin nan ban san kowa ba. Shi ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, kuma ko ranar da na jefa motarsa a rami dariya kawai ya yi, ya ce dama ramin ya daɗe bai yi baƙo ba.

Duk shekara idan kifin skrei, babban kifin teku mai zuwa da sanyi, ya shigo, yakan zaɓi hantar da ta fi fari da ƙiba, ya zuba a gangar katako a rumfar jirginsa, ya bar ta ta tsimu watanni har man ya taso sama. Haka kakansa yake yi. Ki ga yadda yake kwasar man nan da ludayi, a hankali, ko ɗigo ba ya zuba. Ya haura tamanin, har yanzu da kansa yake hawa ya rataye kifi a wurin shanya, ya ce shan man ne ya riƙe shi.

Ranar da muka gaya masa zai yi jika, tashi ya yi ya fita. Can sai ga shi da kwalbar mai, na saman ganga, wanda ya fi kyau. Ya ce, "Cokali ɗaya kullum, 'yata, yaron nan ya fito da ƙashin masunta." Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ungozomata ta ce kada in kuskura in sha shi, sai dai tatacce na kanti. Ni ma da na buɗe, man ja ne wur, warinsa ya tayar mini da zuciya, ɗan abin da na lasa ya karce mini maƙogwaro. Sindre ya ce rakin 'yan birni ne, ai da shi aka rene shi, ga shi nan kamar bijimi. A intanet kuma wasu na cewa tsimammen ya fi komai, wasu na cewa lalataccen mai ne kawai.

Duk Lahadi Baba yana zuwa cin abinci. Ya dubi kwalbar, tana nan yadda ya kawo ta, ya kau da kai, ya yaba miyata. Gara ma ya yi faɗa. Ina tsoron cutar da abin da ke cikina, ina kuma tsoron karya zuciyar tsohon nan. Ya zan yi?

Surukar Masunci, Lofoten

'Yata,

Kin yi dace da suruki. Man nan da yake tsimawa ba abin rainawa ba ne. Irinsa ne ya fitar da kakanninmu daga watannin duhu da rana ba ta fitowa ƙafafunsu a miƙe, lokacin da babu kanti babu likita. Ni ma da shi aka rene ni, ana toshe mini hanci.

Amma kada ki sha. Ba wanda ya auna abin da ke cikin gangar nan, har shi Baba. Hantar kifi cike take da bitamin A, wanda yawansa ke iya cutar da ɗan da ke ciki. Tana kuma tara dattin teku, kuma tekun yau ba na kakansa ba ne. Na kanti an tace shi, an auna shi. Kartar maƙogwaron da kika ji tana iya zama alamar man ya juya. Tsoho mai ƙarfi ya ɗauki kasadarsa, jikinsa ne. Ɗanki ba shi da bakin zaɓa. Sindre kuwa ki gaya masa, wanda ya haye kogi lafiya ba shi ne shaidar babu kada ba.

Shirunki ne ke ci wa Baba rai, don bai san ko man kika ƙi ba ko shi. Kada ki aika mijinki, kada kuma ki riƙa zubarwa a ɓoye. Ki same shi a rumfar jirginsa, ki faɗa masa abin da ungozoma ta ce, sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa mini game da shi. Mutumin da ya reni jariri shi kaɗai ya san abin da ake nufi da tsoro a kan ɗa. Ki roƙe shi ya riƙa kawo miki tsokar kifi sabo, wannan ungozoma za ta yi murna da shi. Man kuma a dama shi da jan garin fenti yadda ake yi a da, ku shafe rumfar tare idan rana ta dawo.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba Baba Torleif tsawon ran da zai ɗora jikansa a jirgi.

Inna Borghild