Takardar Bala da Shanun Marayu

Hajiya Kulu,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, domin duk wanda na tambaya a nan, kafin la'asar maganar ta zaga dangi. Karatuna bai wuce firamare ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Mijina Malam Mannir ya rasu wata biyu da suka wuce, ina cikin takaba. Shekara goma sha tara ya yi yana zuwa aiki a masaƙar Gusau daga nan Bungudu. Har yau idan na tuƙa tuwo sai in ga na kwashe da malmalarsa. Ya bar mini yara biyu, da kuɗin sallama naira dubu sittin, da shanu huɗu da ya ba wani makiyayi, Hamidu, kiwo a rugarsu ta bayan Kekun Waje.

Yana da ƙane, Bala, wanda da dillalin awaki ne a kasuwar Tsafe. Ranar sadakar uku Bala ya fi kowa kuka, sai da aka rirriƙe shi. Ranar bakwai ya dawo cikin kwat da jakar hannu da na'urar lissafi, gumi na zuba. Ya ce yanzu shi wakilin wani kamfani ne na Kaduna, masu karɓar kuɗin mutane su kai bankin da ya fi biya, a kulle shekara guda, a ba mutum takardar shaida. Kowace naira ɗari za ta haifi talatin. Na tambaye shi ko ba kuɗin ruwa ba ne, ya ce a Kaduna ladan haƙuri ake ce masa.

Na ba shi dubu sittin ɗin. Ya kawo takarda mai bakin zinariya, da jan hatimi, da hoton zaki. Mata masu zuwa gaisuwa har roƙo suke a nuna musu ita.

Ni na ɗauka abin kamar kiwo ne. Marigayi duk wata yakan je ya dubo shanunsa, ya dawo da nono a gora yana ba ni labarin wadda ta ɗauki ciki. Sai na ce wa Bala idan na fita takaba ya kai ni in ga inda kuɗina suke. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce kuɗin zamani ba su da wuri ɗaya, yau suna Legas gobe suna Fatakwal. Tun ina amarya muke wasa da shi, shi ya sa ban san lokacin da yake da gaske ba.

Maƙwabciyata Huseina, malamar makaranta ce, ta karanta mini takardar. Sunan kamfanin ya fito sau uku, sa hannun Bala sau ɗaya, sunana da na yara kuwa ko sau ɗaya babu. Bala ya ce sunayenmu na cikin kwamfuta, kwamfutar kuma tana Kaduna.

Yanzu ya ce in sayar da shanun in ƙara kafin ƙarshen wata, don za a rufe garaɓasar, har ya samo mai saye a Tsafe. Ya ce saniya tana mutuwa, ana sace ta, takarda kuwa ba ta cin ciyawa. Gaskiyarsa, bara ma ɗaya ta mutu. Amma akwai farar da marigayi yake shafa wa wuya yana yi mata magana kamar mutum, na kasa cewa a ɗauke ta. Shin baƙin ciki ne ke sa ni tauye wa marayu arziki? Idan kuma na ƙi, za a ce na zargi ƙanen mijina tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Mai Takaba, Bungudu

Ya ke 'yar'uwata,

Allah Ya jiƙan Malam Mannir. Kada ki sayar da ko da ɗan maraƙi.

Abin da Bala ya kwatanta akwai shi. Banki na karɓar ajiya ta ƙayyadadden lokaci ya ba da takarda, dillali kuma yana iya nemo wa mutum bankin da ya fi biya, ya ci la'adarsa. Ba duk mai wannan sana'a ne ɓarawo ba, kuma mai yiwuwa shi ma Bala zakin ne ya ruɗe shi. Fahimtarki ta kiwo ma daidai ce. Bambancin shi ne, duk rugar Hamidu ta san shanun nan na Mannir ne, ita kuwa takardarki cewa take yi kuɗin na kamfani ne.

A farkon shekarar nan ta 1998 aka rufe bankuna ashirin da shida. Hukumar inshorar ajiya ba ta biyan mutum ɗaya fiye da naira dubu hamsin, kuma sunan da ke littafin banki take dubawa. Idan ku ɗari ne a ƙarƙashin sunan kamfani ɗaya, ana iya ƙirga ku mutum ɗaya. Idan kuɗin ba su taɓa isa banki ba, ko wannan babu. Talatin bisa ɗari kuma, bankin da ke da lafiya ba ya ba da haka a yanzu, sai wanda ƙishirwa ta kama. Ki kuma lura, idan aka sayar da shanun, Bala zai ci la'ada a Tsafe, ya sake ci a Kaduna.

Hujjarki mai sauƙi ce: ba a raba gado ba, dukiyar marayu ce, ba ki da ikon sayarwa. Ki kira babban gidan su mijinki da limamin unguwa. A gabansu, cikin wasan nan naku idan kin so, ki ce Bala ya kawo sunan bankin, da reshensa, da ranar cikar wa'adi, da rasit mai sunanki da na yara. Huseina ta kai rasit ɗin bankin a tabbatar. Idan mako biyu ya wuce babu, a dawo da kuɗin, ko da za a zabge wani abu saboda an karya wa'adi. Batun kuɗin ruwa kuwa, ki tambayi malamin da ba shi da kaso a ciki, canza wa abu suna ba ya canza hukuncinsa.

Neman rasit ba zargi ba ne. Idan Bala mai gaskiya ne, zai yi fushi na kwana biyu ya kawo. Idan fushin ya daɗe babu rasit, liman da babban gida sun gani da idonsu, ba ke kika faɗa ba.

Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya marayun nan, Ya sa ki fita takaba lafiya.

Hajiya Kulu