Ƙanƙarar Inna a Gindin Dashe

Ubale,

Na kai Inna asibiti, zazzaɓin ya dawo. Na nemi ƙanƙarar da zan ɗora mata a goshi, sai na tarar ka jibge ta a gindin dashen nan da Baturenka ya ba ka. Wai jan sida, wai itacen Kanada, ba ya son zafi. A unguwar nan tamu ta Hindawiyya, cikin wannan zafi! Shi Baturen mai injin ban ruwa ma nasa duk sun ƙone, shi ya sa ya yi maka kyautar ragowar. Kai kuma har da yi wa dashen rumfa da mayafina.

Idan ka tashi, nemo ƙanƙara ka biyo mu, yalla, maza. Kada ka tsaya duba majinyacinka. Ya riga ya bushe, kai kaɗai ne a gidan nan ba ka sani ba.

Yayarka Mastura