Hular Iya a Cikin Taɓo

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Iya, yaya iyali da yara, yaya damina? Mu nan lafiya, ban da gwiwoyina.

Na jawo wa kaina abin kunya. Ƙungiyarmu ta masu gudu ta shiga dogon tseren nan na cikin daji bayan garin McLeansville nan Amurka, ni kuma na ɗora hular da Iya ta ɗinka min, don na yi mata alkawarin hoto da ita a wurin gamawa. Ranar an kwana ana ruwa. Uwargida Hajara ta ce, "Baban Aminu, tsere za ka ko ɗaurin aure?" Na ce wanda ya yi noma a fadama ba ya tsoron ruwan Amurka.

Yaya, taɓonsu ba irin namu ba ne. Ja ne, mai santsi, yana warin ruɓaɓɓen ganye, har cikin baki na ɗanɗana shi. A bakin wani rafi na kife, hular ta faɗi, wani ƙaton Bature ya taka ta, ya ce min sannu, ya wuce. Da na iso bayan kowa, mai hoto ya riga ya naɗe kayansa ya tafi.

Hajara ta wanke hular, amma jan ya ƙi fita. Kada ka gaya wa Iya. Hoton nan yana wuyana, dole baɗi in koma cikin ƙazantar nan, da hular a aljihu har bakin layin gamawa.

A sa ni a addu'a. Gai da kowa.

Ƙaninka,
Garba