Mashin da Ke Bayan Jeren Hajo

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Aƙilu Bahago na unguwar Kusfa, birnin Zazzau. Na rubuta wannan da hannuna a watan Rajab na 1991, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. Zuwa ga 'ya'yana Hadiza, Yari da Ja'afaru.

1. Gida da gonar bayan Ƙofar Gayan gado ne. Malamai su raba yadda shari'a ta ce, ba ruwana.

2. Mashin sojan dokin Ingila guda takwas da ke zaure na riga na ba ku kyauta tun ina numfashi. Yari, ka riƙa shafa wa gorarsu mai saboda gara. Hadiza, mai tuta ja da fari naki ne, don ke kaɗai ke zama in ina ba da tarihinsu, ko da kina gyangyaɗi.

Kun sha yi mini dariya a kansu. Kakanku mai kula da dawakin hafsoshin Turawa ne a bariki. Ina ƙarami nakan ga suna sukuwa suna tsire turke da tsinin mashi, shi kuma da la'asar ya zauna yana gogewa. Ƙamshin fatar mariƙin har yau yana hancina. Ba Turawa nake bege ba, babana nake nema a jikin gorar nan.

3. Maganar mashi na tara. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya ɓace, na ce Ja'afaru ne ya sayar wa dillalan kayan tarihi. A gaban mutane na faɗa. Ya rantse, na ƙi ji, ya tafi Legas bai sake taka Kusfa ba. Sau uku mahaifiyarku Hajo tana buɗe baki kan maganar, ina daka mata tsawa.

Da ta rasu bara, mata suka sauke jerenta na kwanuka. Sai ga mashin a tsaye a bayan jeren, ya tokare azarar da ta tsage. Damina uku tana roƙona in gyara rufin ɗakinta, ni kuwa ina yawon Lakwaja da Kaduna neman mashi.

4. Kada kowa ya taɓa shi. Yari, ka kai wa ƙaninka takardar nan hannu da hannu, ban yarda da gidan waya ba.

Ja'afaru, ba ka ɗauka ba. Wata bakwai da sanin haka, girman kai ya hana ni aiko maka. Kullum aka yi sallama a zaure sai in kasa kunne ko muryarka ce. Ina kewarka, ka yafe mini.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, kada wani ƙarfe ya sake raba gidan nan. Ja'afaru, ka zo kafin ruwan fari, ko ka same ni ko ba ka same ni ba. Ka sa wa ɗakin mahaifiyarka sabuwar azara, sannan ka zare mashin da hannunka. Naka ne.