Gaisuwar da ta kayar da surukin Du-hyeon

Zuwa ga 'yata Seon-hwa,

Kafin ki wuce layin nan ki ji gargaɗina: kada ki ƙara aiko wa ƙaninki ko da safa ɗaya ta wasan ƙanƙara, kuma idan kin gama karantawa kada ki kira shi kina dariya. Na san halinki. Maganar aurensa ce take lilo.

Bayan haka, ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da jikata Ha-yun. Ina fata zafin Perth bai fara takura muku ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana yarinyar nan. Mu nan Incheon lafiya lau, sai gwiwar babanku da take tashi idan sanyi ya kusa. Goggonki ta yi mana alkawarin kabejin da za mu tsima mu yi kimchin hunturu, ba mu gani ba tukuna, kin dai san alkawarinta.

Ga abin da ya faru. Ranar da Du-hyeon ya je cin abinci gidan su Ye-rim, yarinyar da yake son aura, karo na farko, mahaifinta, Dattijo Pyo, wanda haifaffen duwatsun Gangwon ne, ya tambaye shi ko yana zamiya a kan dusar ƙanƙara. Maimakon ya ce bai taɓa ɗaura allunan zamiyar nan a ƙafarsa ba, sai ɗan'uwanki ya buɗe baki ya ce ai tun yana jami'a yake yi. Dattijon ya ji daɗi, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya ce da sabuwar shekara za su sauko babban gangare tare. A wannan zaman aka tsayar da ranar da iyayen ɓangarorin biyu za mu haɗu. Ni ban san komai game da ƙaryar nan ba. Ke kuwa kin sani, tunda ke kika aiko da jar rigar nan da tabarau mai kama da idon ƙuda.

Na gane ne da ya kasa zama a ƙasa cin abinci. Sai ya dafa bango ya sauko a hankali kamar kakanku, ɗakin duk warin man zafi. Babanku ya tambaye shi wai a ofis ɗin nasu dukan ma'aikata ake yi yanzu. Na tsare shi a kicin har ya faɗi gaskiya: kowace Asabar yana zuwa gidan ƙanƙarar nan na bayan gari, inda ake yin dusa da inji a cikin rufaffen gini, yana koyo a ɓoye kafin hunturu. Ya ce, Umma ki yi haƙuri, saura kaɗan ya ƙware. Na ce to zan je in ga wannan kaɗan ɗin da idona.

Seon-hwa, da ban je ba. Na zauna a bayan gilashi a wurin shan shayi, sanyi yana ratsa ni, ina kallon ɗana mai digiri a cikin layin yaran da ba su kai ƙugunsa ba. Takalman kaɗai sun ci masa lokaci, yana tafiya a cikinsu kamar wanda aka ɗaure wa bulo. Shimfiɗar da take jan mutane zuwa sama ta kayar da shi tun bai kai ga dusar ba, har aka tsayar da ita saboda shi. Malamar tasu tana ta ce masa ya haɗa kan allunan ya buɗe bayansu, ya jingina gaba. Shi kuwa da ya ji ƙasa ta fara tafiya sai ya koma baya, ya zauna daɓas. Idan ya tashi allo ɗaya ya hau kan ɗaya. Ya iya tafiya, wannan kam gangaren ne yake yi masa. Tsayawa ce bai iya ba, sai katifar da aka jingina a bango ta tare shi. Wata mata kusa da ni ta ce wa ƙawarta, mai jar rigar nan ko tausayin mazaunansa ba ya ji. Ban ce ɗana ne ba.

To ki yi tunani, abin da shi bai yi ba. A wannan lokaci na shekara babu dusa a kan kowane dutse. Mutum irin Dattijo Pyo da ba ya iya haƙurin jiran hunturu, ina zai je ya motsa ƙafa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ina zaune sai ga Dattijo Pyo ya sauko daga can sama, ya yi kwana ya tsaya cak a ƙasa kaɗan da inda ɗan'uwanki yake tsaye. Ya ɗaga tabarau ya dube shi.

Ni na koya muku cewa ba a gaishe da babba da ka kawai, kuma ba zan janye ba. Du-hyeon ya haɗa ƙafafunsa, ya saki sandunan da yake dogarawa da su don ya jera hannuwa a gefe, ya rusuna har ƙugu. Abin da malamar ta yi makonni tana roƙonsa, wato ya jingina gaba, ranar ya yi shi sosai. Allunan suka miƙe suka ɗauke shi, yana sunkuye, yana cewa Baba barka da hutawa, har ya shiga ƙafafun dattijon. Su biyun suka gangaro a dunƙule sai katifa. Da suka tsaya ya yi ƙoƙarin tashi ya sake rusunawa don neman gafara, ya sake kayar da shi.

Hannun dattijon ya gurɗe, an naɗe shi. Washegari Ye-rim ta kira tana kuka, ta ce babanta ya ɗage haɗuwar iyaye. Na sa kayana masu kyau, na ɗauki kwalin naman sa, na tasa Du-hyeon a gaba muka je. Dattijon ya bar mu a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya ce shi faɗuwa ba ta dame shi ba, ya faɗi a kan dusa fiye da yadda yaron nan ya ci shinkafa. Abin da ya dame shi, an zauna a teburinsa an ci abincinsa an yi masa ƙarya. Ya ce amma bai taɓa ganin wanda ladabi ya kai shi bango ba, don haka bai rufe ƙofa ba. Kowace Asabar shi da kansa zai koya masa. Ranar da Du-hyeon ya sauko ya tsaya a gabansa ba tare da ya taɓa shi ba, ranar za a sa sabuwar rana. Jiya aka fara. Ya dawo da ɗingishi, ya ce dattijon ya fi malamar faɗa, wai yana kiransa buhun shinkafa. Na ce ya yi masa adalci.

Ki gaishe da maigidanki Gi-tae da mahaifiyarsa, ki sumbaci Ha-yun. Babanku yana gaishe ku, ya ce in faɗa miki shi bai yi dariya ba, ƙarya yake yi. Kuma ki sani na kafa doka, ta shafi har ku na nesa: daga yau duk wanda ya ce ya iya wani abu a gidan nan, sai ya yi shi a gabana kafin ya faɗa wa bare. Wanda kuma zai gaishe da babba, ya fara tsayawa da ƙafarsa tukuna.

Mahaifiyarki,
Bang Ok-ja