Bututun Kallon Wata Ne, Ba Roka Ba

Zuwa ga Alhaji Kwamanda, shugaban 'yan sintirin shingen bakin gada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da jinjina kan wahalar da kuke sha domin mu, ina da ƙorafi. Sau uku ina zuwa wurinka ana cewa ka fita, alhali ga takalmanka a ƙofa, don haka bari in faɗa inda kowa zai ji.

Sunana Malam Sanusi, malamin kimiyya daga Ƙanƙara. Na daɗe ina yawon makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa bisa babur, ina koya wa ɗalibai ilimin taurari. Ba wanda ya sa ni. Saniyar gadona na sayar na sayi madubin hangen nesa, wani farin bututu mai ƙafa uku. Mako uku da suka wuce, ina hanyar Sheme, mutanenka suka tare ni, suka kwance buhuna, ɗaya ya kwarma ihu wai roka ce. Kafin in buɗe baki ina kwance a ƙasa, hulata cikin kwata. Da la'asar suka sake ni, suka riƙe bututun da littafin zane-zanena. Tun ranar ake ce mini infoma a gari, kuma Alhaji ka fi ni sanin abin da ake yi wa mai wannan suna a yankin nan.

Na ɗaya, rokar da ba ta da kunama, ba ta da wurin sa harsashi, bakinta kuma gilashi ne, ina roƙon a nuna mini wanda ta taɓa kashewa.

Na biyu, an ce mataimakinka ya leƙa ciki ya hango saniya ƙafafunta a sama, ya ja da baya yana a'uziyya, wai har da tsafi nake haɗawa. Haka aka ƙera abin, komai a kife yake nunawa, don a sama ba ruwan kowa da inda wata ya sa kansa. To in leƙen asiri nake yi da shi, me zan je in gaya wa mutanen daji? Cewa 'yan sintiri da ka suke tafiya?

Na uku, littafina da kuka ce taswirar ƙauyukan Faskari ce. Haba Alhaji! Ramukan da ke fuskar wata ne na zana. Babu shanu a can, babu rumbu, ko ɓarawon da ya fi kowa haɗama ba zai ɓata mansa ba.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni haushi. Jiya na wuce cikin motar haya, sai ga bututuna a kan buhunan yashi, an saita shi kan titi, direbobi na rage gudu suna salati. Kun gane ba makami ba ne, amma ya yi muku kyau a wurin. Kowane fasinja ya gani sai ya tambaya, a ce masa ai na malamin nan ne da aka kama. Wallahi ranar da wani ya leƙa rana da shi, idonsa ya tafi ke nan, kada a ce ban faɗa ba.

Ina raha, amma tsoro nake ji. Shugabannin makarantu sun daina ɗaukar wayata. In na zauna wurin mai shayi sai hira ta mutu. Mahaifiyata, tsohuwa mai ciwon ƙafa, yanzu da kanta take rako ni masallaci, ta tsaya jikin katanga har a sallame, wai ko za a ji kunyar taɓa ni a gabanta.

Buƙatata biyu ce. A maido mini da madubina da littafina. In kuwa kun shaƙu da su, ku riƙe, na yafe. Ta biyun ce ba zan yafe ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, ka miƙe da kanka, ba aike ba, ka gaya wa jama'a cewa kun bincika, Malam Sanusi ba infoma ba ne. Minti ɗaya ya isa. Bakin da ya ɗora mini sunan shi kaɗai mutane za su yarda ya cire, kuma ina so ka yi haka tun ina da ran da zan ji.

Allah ya tsare ka da mutanenka, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Wassalam.
Malam Sanusi, Ƙanƙara.